Hannun da ya mutu ba karaya: abin da ya sami mai kiɗanmu

Yau ba sharhin fim zan kawo ba, amma ku daure ku karanta, musamman masu hawa mashin.

Akwai abokina a nan Rano, shi ke buga mana fiyano a sutudiyo. Wata rana yana dawowa daga biki a Kibiya ya faɗi a kan mashin, kafaɗarsa ta dama ta daki ƙasa, kansa ya karkata ɗaya gefen. An yi hoto, ƙashi lafiya lau. Amma hannun ya saki kamar tsumma, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu suka ce jifa ne. Wata biyu ana shafe-shafe da hayaƙi, shiru.

Sai a Asibitin Ƙashi na Dala muka fahimci zancen. Ashe jijiya kala-kala ce. Akwai ta jini, akwai mai kai saƙo kamar wayar lantarki. Daga lakar da ke cikin ƙashin wuya, jijiyoyin saƙo guda 5 ne ke fitowa ta kowane gefe, su sarƙe da juna tsakanin wuya da hammata, sannan su rarrabu har yatsu. Duk motsi da jin da hannu ke yi, ta nan yake bi. Ku ɗauka kamar wayoyin da ke tsakanin mikisa da sifika: in sun tsinke, sifika lafiyarta ƙalau amma ba sauti.

In kafaɗa ta yi ƙasa, wuya ya yi can gefe da ƙarfi, jijiyoyin nan sai su ja. Wani lokaci miƙewa kawai suke yi, su farfaɗo cikin makonni. Wani lokaci su tsinke. Mafi muni su tumɓuke daga laka, wannan ba ya komawa da kansa. Haka ma yakan sami jariri in kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa. Alamun su ne hannu ya saki, fata ta daina ji, ko zafi kamar jan lantarki.

Ga inda zancen yake: jijiya tana tofowa, amma kusan milimita 1 a rana, wato kamar inci 1 a wata. Naman hannun kuwa ba ya jira har abada, in ya daɗe ba saƙo sai ya tsotse. Shi ya sa in aiki za a yi, likitoci sun fi son a yi shi cikin wata 6 na farko. Kowane wata da aka ɓata a gida, asara ce.

Abokina ya yi sa'a, nasa ba su tumɓuke ba. Yana zuwa gashi, yanzu yana lanƙwasa gwiwar hannun, kiɗa kuma da hagu yake lallaɓawa.

Don Allah, in wani naku ya faɗi hannu ya saki, ko da an ce ba karaya, a kai shi asibiti da wuri, a ci gaba da addu'a. Ku sa shi a addu'a shi ma, muna kewar kiɗansa.