Salula mai ƙirga awowin aiki

Akwai ma'aikatan da ba su zama wuri guda. Direbobi, magina, leburorin hanya, masu gadi, masu gyaran famfo: yau suna nan, gobe suna can. Da, shugaban leburori ne ke kiran suna da safe, yana sa alama a littafi. In ya manta da mutum, ko littafi ya jiƙe, kuɗin yini sun tafi.

Yanzu kamfanoni a ƙasashe da yawa sun maida wannan littafi cikin salula. Ma'aikaci ya iso wurin aiki, sai ya latsa "na kama". In ya gama, ya latsa "na tashi". Salula ta rubuta lokaci. Ta kuma rubuta wurin da yake tsaye, ta hanyar taurarin ɗan Adam da ake kira GPS. Wani tsarin har hoton fuska yake ɗauka, don kada wani ya latsa wa abokinsa da ke kwance a gida. A daji inda ba rezo, wasu tsare-tsaren suna ajiye labarin, sai an samu rezo su tura.

Labarin yana zuwa kwamfutar kamfani. Ita ke tara awowi, ta yi lissafin albashi bisa doka. A Nijar, dokar ƙwadago ta shekarar 2012 ta ce aikin sati awa 40 ne. Aikin gona yana da nasa lissafi, awa 2.400 a shekara. Misali, magini ya yi awa 8 kullum daga Litinin zuwa Juma'a. Ya cika 40 ke nan. In ya ƙara awa 5 ran Asabar, waɗannan 5 ɗin awowin ƙari ne, kuma kuɗinsu sun fi na sauran.

Kwamfutar ke cire kason asusun ma'aikata, wato CNSS. Kason ma'aikaci 5,25 ne cikin 100. Mai albashin jika 60, za a cire masa jika 3 da dala 30. Mai kamfani ma yana zuba nasa kason, wanda ya fi haka yawa.

Amma fa kwamfuta abin da aka ba ta kawai take ƙirgawa. Ran da caji ya ƙare, ko mutum ya manta bai latsa ba, a wurinta bai zo aiki ba. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na yamma, amma aka sa shi ya latsa tun ƙarfe 5, ya yi awa 2 a banza. Shi ya sa ya kamata ma'aikaci ya riƙe ɗan littafinsa, ya rubuta rana, da lokacin kamawa, da na tashi. Ƙarshen wata ya karɓi takardar albashi, ya gwada da littafin. In ba su yi daidai ba, ya fara gaya wa mai biya. In ba a gyara ba, ya kai takardun biyu ofishin sufeton ƙwadago na jiharsa.