Abin da ke sa sitiyarin tsohuwar babbar mota ya yi tauri ya karkace bayan gyara

Tun da layin dogo ya isa Kauran Namoda a 1929 garin ya zama matattarar kayan amfanin gona, kuma da zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya sai nauyin ya koma kan manyan motoci. Su ne ke ɗaukar hatsi da dabbobi daga kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, su ne kuma ke bin hanyar Zurmi zuwa Jibiya a Jihar Katsina. Da yawansu tsofaffi ne, irin su Mercedes-Benz 911 da Mitsubishi Canter da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504.

Wata matsala da masu irin waɗannan motoci kan ci karo da ita ita ce a karɓo mota daga gareji bayan gyaran ƙafar gaba, sai a tarar sitiyari ya yi tauri, kuma ya karkace gefe guda alhali motar na tafiya miƙe. A hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, inda direba ba ya fatan tsayawa a daji ko na minti biyar, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga rai da dukiya.

Mafi yawan lokaci taurin da karkacewar tushensu ɗaya, kuma hanyar da aka fi saurin bi, wato a cire sitiyarin a mayar da shi a miƙe, ɓoye cutar kawai take yi.

Yadda akwatin sitiyari yake

Tsofaffin manyan motoci suna da akwatin sitiyari da aka ɗaure a jikin shasi. Daga cikinsa wani hannun ƙarfe ke fitowa, shi ke tura doguwar sandar da ke juya tayar gaba, sannan tayarod ya isar da motsin ga ɗaya tayar. Masu ƙera akwatin sun yi haƙoransa ta yadda suka fi matsewa a daidai tsakiya, domin motar ta tsaya cak idan tana tafiya miƙe, sannan su ɗan saki idan an karya kwana.

Saboda haka idan bakanike ya mayar da hannun ƙarfen ya kuskure haƙori ɗaya, ko ya sa sanda wadda tsawonta ya bambanta da na da, tsakiyar akwatin ba za ta dace da miƙewar tayoyi ba. Sitiyari zai karkace, motar za ta riƙa yawo a kan titi, kuma kwanar gefe ɗaya za ta fi ta ɗayan zurfi. Da direba ya koka da wasan sitiyari, sai a ɗaure kusar da ke saman akwatin don a rage shi. Tunda ba a tsakiya aka ɗaure ta ba, haƙoran sai su cije duk lokacin da suka zo wucewa ta tsakiyar. Garin neman gira ke nan an rasa ido, domin cizon yana cinye haƙoran, akwatin kuma ba araha gare shi ba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafin a taɓa akwatin, ya kamata a auna iskar tayoyin gaba. Taya mai ƙarancin iska tana sa sitiyari nauyi, kuma tana jan mota zuwa ɓangarenta. Haka ma idan tayoyin biyu ba girmansu ɗaya ba, abin da ya zama ruwan dare ga masu sayen tayoyin gwanjo.

Idan motar mai sitiyarin mai ce, a duba bel ɗin da ke juya famfon. Wanda ya saki yana yin ƙara idan an karya sitiyari a tsaye. Sannan a buɗe gwangwanin man. Kumfa a cikinsa da kukan famfo alama ce iska ta shiga lokacin da aka kwance bututu. Maganinta a ɗaga gaban motar, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa injin na kashe, ana ƙara man da kamfanin ya tanada, wanda a motoci da yawa ATF ne. Danne sitiyari a ƙarshensa na tsawon lokaci injin na aiki yana ƙona famfo.

A raba gardama

Idan taurin bai tafi ba, a bar gaban motar a ɗage a kan madogara mai ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba, a cire doguwar sandar daga hannun akwatin. Wannan ya raba matsalar gida biyu.

Sai a kama taya a juya ta da hannu. Idan ta ƙi, laifin yana ga kinfin, wato ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa: ko an matse sabon bushi, ko an juya boris ɗinsa, ko kuma an manta da giris. Laka da ruwan damina da ƙurar hunturu suna toshe kafar giris, har a yi ta bugawa ba ya shiga.

Idan tayoyin na juyawa salin-alin, a koma kan sitiyari. Taurin da ke zuwa yana tafiya a kowane juyi yana nuna gaɓar sandar sitiyari ta bushe ko ta yi tsatsa. Taurin da ke tsakiya kaɗai kuwa na kusar akwati ne da aka matse.

A nan ne ake nemo ainihin tsakiya. A juya sitiyari zuwa ƙarshen hagu, a ƙirga juyin da zai yi zuwa ƙarshen dama, a dawo rabi. Idan juyi biyar ne, tsakiya na kan biyu da rabi. A bar shi a nan, a duba ko alamar da ke jikin hannun ƙarfen ta dace da ta akwatin, a miƙar da tayoyi, sannan a daidaita tsawon sandar har ta shiga ba tare da an motsa ko ɗaya ba. Sai bayan haka ake gyara zaman sitiyarin kansa, in har akwai buƙata.

Kada a manta da sifirin

Lodi fiye da kima da ramukan hanya suna karya kusar da ke tsakiyar sifirin, sai gatarin tayoyi ya gusa. Idan na baya ne ya gusa, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice, direba kuma dole ya riƙe sitiyari a karkace. Awo da tef daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a ɓangarorin biyu zai nuna hakan. A wasu motocin kuma akwai wani siririn ƙarfe mai tudu a gefe ɗaya tsakanin sifirin da gatarin gaba. Idan aka juya shi baya-gaba wajen haɗawa, sitiyari zai daina komawa da kansa bayan kwana.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya sa jarinsa a mota yana da haƙƙin tambayar abin da aka kwance, a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire, kuma ya ƙi amincewa da tayarod ko hannun akwati da aka yi wa walda ko aka gasa da wuta aka miƙar, domin irinsu kan karye ba tare da gargaɗi ba. Gwajin ƙarshe a yi shi a cikin gari, babu lodi: juyin hagu da na dama su zo daidai, sitiyari ya dawo da kansa bayan kwana, motar ta tafi miƙe. Wadda ta kasa ɗaya daga cikin ukun nan, gara ta rasa kasuwar mako guda da ta kama hanyar Shinkafi ko Zurmi.