Awon Numfashin Ƙwayar Halitta Guda da Mas'alar Zaɓen Ɗan Tayi

Kowace ƙwayar halitta mai rai tana ci, tana numfashi. Takan ja sukari da iskar oksijin daga ruwan da ke kewaye da ita, ta sarrafa su su zama ƙarfi, sannan ta zubar da saura, wanda kan ƙara wa ruwan tsami. Tun a shekarun 1920 masanin nan na Jamus, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin sankara suna cin sukari fiye da kima. Sai dai awon wancan zamani na jimla ne: a tara ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, a auna su gaba ɗaya. Irin wannan lissafi yakan ɓoye 'yan tsirarun da suka saɓa wa saura, alhali kuwa su ne wani lokaci ke tsira daga magani har cuta ta dawo.

Hanyar auna ƙwaya guda ta ginu ne a kan ƙirƙira biyu: ma'aunin oksijin na Leland Clark, Ba'amurke, a shekarun 1950, da ma'aunin tsami na Piet Bergveld na ƙasar Holan a 1970. A yau akan ƙanƙantar da irinsu a kan ɗan fallen silikon ko gilashi mai ƙananan ramuka. Ƙwaya ɗaya takan zauna a rami ɗaya, na'ura kuma ta riƙa bin yadda oksijin ke raguwa da yadda tsami ke ƙaruwa, ba tare da an kashe ƙwayar ba. Aikin yana da wuya, domin ma'auni irin na Clark shi kansa yana cin oksijin ɗin da yake aunawa.

Inda lamarin ya shafi malaman fiƙihu shi ne haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen mahaifa. Masu bincike, musamman a Japan, sun gwada irin waɗannan na'urori wajen auna numfashin ɗan tayi kafin a dasa shi, don a zaɓi wanda ya fi alamar ɗorewa. Amma fassara awon ba ta da sauƙi. A 2002 Henry Leese na Ingila ya kawo ra'ayin cewa ɗan tayi lafiyayye shi ne mai aiki a natse, ba mai yawan ƙona abinci ba. Ke nan adadi mai yawa ba lalle ne ya zama bushara ba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta wannan haɗi tsakanin miji da matarsa idan akwai buƙata. A Jidda kuma, a 1990, ta ce a taƙaita ga adadin ƙwan da za a dasa, don kada a bar rara. Zaɓe kuwa ba ya yiwuwa sai da rara. Saboda haka duk lokacin da awo ya ƙara inganta, kwaɗayin haɗa ƙwai da yawa don a tace zai ƙaru, kuma mufti zai buƙaci sanin iyakar abin da na'urar ke iya tabbatarwa kafin ya amsa wa ma'auratan da suka zo da tambaya.