Gyaɗa Kan Kadangare Ba Amincewa Ba Ce

A Hotoro, daga katangar daffon mai na NNPC zuwa gidajen bakin titin Maiduguri, kusan kowace katanga da mai mulkinta. Da hantsi, bayan ma'aikata sun wuce Bompai, Sharaɗa da Challawa, sai jan gwada ya hau kan bulo ya baje. Ba lalaci ba ne: jikin kadangare ba ya ɗumama kansa, sai ya sha rana kafin ya iya farautar tururuwa, gara da fara. Da sanyin safiya launinsa a dushe yake. Idan ya ɗau zafi sai kan ya yi jawur, jikin ya rine da shuɗi mai duhu. Ƙato ɗaya ne ke riƙe da wuri, tare da matansa da ƙanana. Da damina macen kan haƙa rami a ƙasa mai laima, ta saka ƙwai kamar 5 zuwa 7, ta binne, rana ta ƙyanƙyashe mata.

Bahaushe bai cika yabonsa ba. Ya ce albarkacin kaza kadangare kan sha ruwan kasko. Wanda ya zame wa mutane ƙarfen ƙafa kuma a kira shi kadangaren bakin tulu: a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan makon shi ne gyaɗa kansa. Mai kallo zai ɗauka duk abin da aka faɗa na'am yake yi. Ba haka ba ne. Da wannan gyaɗawar yake shaida wa wani namijin cewa katangar da mai ita, da ita kuma yake neman mace. Idan baƙon ya ƙi ja da baya, sai a gwabza da bulalar wutsiya.

Mu fa? A majalisa, a wurin mai shayi, a WhatsApp, da yawanmu mun zama 'yan amshin Shata. Babba ya faɗa, mu gyaɗa kai. Labari ya zo, mu tura gaba ba bincike. Girmama na gaba wajibi ne, amma ladabi daban, jingine hankali daban. Allah ya ba kowa nasa, kuma kowa za a tambaye shi yadda ya yi da shi.

Ɗan'uwa, kafin ka ce "haka ne" a wannan makon, tambayi kanka: na auna maganar, ko kuwa don kowa ya faɗa ne?