Hawan jinin ido: Abin da masana ke hangowa a cikin ƙwayoyin gado

Cutar gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ba ta sallama kafin ta shigo. Takan fara cin gani daga gefe, ba ciwo ba ƙaiƙayi, har sai ɓarna ta yi nisa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa ita ce ta biyu wajen makantar da 'yan Najeriya, bayan yanar ido.

A cikin ido akwai wani ruwa da ke gudana kullum, yana fita ta wata matata a kusurwar ido. Idan matatar ta toshe, matsi yakan ƙaru, ƙwayoyin jijiyar gani da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa su riƙa mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Me ke sa matatar ta taurare? Nan ne fannin efijenetik ya shigo. Duk ma'aikacin da ya saba da fayil zai fahimta cikin sauƙi: rubutun takarda bai sauya ba, amma sharhin da aka yi a gefenta shi ke yanke hukuncin a aiwatar ko a ajiye. Haka ƙwayoyin gado suke. Wasu ƙananan sinadarai da ake kira metil sukan manne wa DNA su rufe bakin ƙwayar gado, yayin da sauyi a sunadaran histon, waɗanda DNA ke naɗe a jikinsu, kan buɗe ta ko ya kulle ta. Shekaru da ƙarancin iskar oksijin suna iya sauya waɗannan alamomi. A ruwan idon masu cutar an samu yawaitar wani sinadari mai suna TGF-beta2, wanda ke sa ƙwayoyin matatar su tara zaruruwa masu tauri.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, alama tana gogewa. A 2020 ayarin David Sinclair na Jami'ar Harvard a Amurka ya wallafa a mujallar Nature cewa sun kunna ƙwayoyin gado uku, Oct4 da Sox2 da Klf4, a idanun ɓeraye masu gilakoma, sai alamomin metil suka koma irin na ƙuruciya, gani kuma ya inganta.

Sai dai nasara a kan ɓera ba ta nufin magani ya iso asibiti. Abin da ke hannun likitoci a yau shi ne rage matsi ta hanyar maganin ɗigawa, ko leza, ko tiyata. Don haka wanda ya haura shekara 40, musamman idan akwai cutar a dangi, ya kai kansa a duba matsin idonsa da jijiyar ganinsa, ko da yana karanta takardun ofis garau. Ya kuma guji ɗiga maganin ido mai sitiroyid ba da izinin likita ba, domin yana iya tayar da matsin.