Babbar makarantar sakandare a Ghana

Babbar makarantar sakandare, wadda ake taƙaita sunanta da SHS, ita ce matakin karatu na shekara uku da ɗalibi ke yi a ƙasar Ghana bayan ya gama ƙaramar sakandare, kafin ya wuce jami'a ko kwaleji ko ya kama sana'a. Galibin ɗalibai suna shiga da shekara 15 ko 16, su fita da 18 ko kusa da haka. Hukumar Ilimi ta Ghana ce ke kula da makarantun gwamnati, ciki har da waɗanda majami'u da ƙungiyoyin Musulunci suka kafa. An san tsarin da yawan makarantun kwana, da kuma yadda yaro ke zaɓar fannin da zai karanta tun bai sa ƙafa a makarantar ba.

Tarihi

Mishan ne suka kafa makarantun farko a bakin teku. Mafi tsufa a cikin sakandaren maza ita ce Mfantsipim da ke Cape Coast, wadda majami'ar Methodist ta buɗe a 1876, kuma a nan Kofi Annan ya yi karatu. An buɗe Achimota a Accra a 1927, sai Kwalejin Prempeh a Kumasi a 1949, da T.I. Ahmadiyya ita ma a Kumasi a 1950. Arewacin ƙasar bai samu sakandare ba sai a 1951, da aka kafa ta Tamale, wadda ta yaye mataimakan shugaban ƙasa biyu, Aliu Mahama da Mahamudu Bawumia.

Da farko tsarin Ingila ake bi, wato shekara biyar sannan a ƙara biyu ga mai neman jami'a. Garambawul ɗin 1987 a zamanin Jerry Rawlings ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba. A 2007 gwamnatin John Kufuor ta mayar da babbar shekara huɗu, gwamnatin John Atta Mills kuma ta dawo da ita uku bayan ta hau mulki a 2009. Wannan kai-komo ya sa a 2013 rukuni biyu na ɗalibai suka zana jarrabawar fita a lokaci guda.

Samun gurbi da zaɓen fanni

Ana shiga ne da sakamakon jarrabawar BECE ta ƙarshen ƙaramar sakandare. Ɗalibi yana cike takarda ya jera makarantun da yake so, da fannin da yake so a kowace, da kuma ko kwana zai yi ko jeka-ka-dawo. Tun daga 2005 kwamfuta ce ke raba guraben bisa maki. An kasa makarantu rukuni-rukuni, A da B da C, kuma a kan na rukunin A ake yin rububi. Domin rage rata, an ware kashi 30 cikin ɗari na guraben fitattun makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati.

Manyan fannonin da aka daɗe ana bi su ne kimiyya, adabi da ilimin zamantakewa, kasuwanci, noma, tattalin gida, zane da ayyukan hannu, da kuma fasahar ƙere-ƙere. A tsohuwar manhaja, kowane ɗalibi yakan ɗauki darussa huɗu na dole, wato Turanci, lissafi, kimiyyar bai-ɗaya da ilimin zaman jama'a, sannan ya ƙara uku ko huɗu daga fanninsa. Ana iya ɗaukar Larabci ko ilimin addinin Musulunci a wasu makarantu. Hausa kuwa, duk da ita ce harshen yau da kullum a zangunan Kumasi da Accra, ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa.

Wannan zaɓi yana da nauyi fiye da yadda yaro ɗan shekara 14 zai iya hangowa. Wanda ya faɗa fannin kasuwanci ba zai samu shiga karatun likitanci ko injiniya ba, komai kyan sakamakonsa, domin bai yi darussan kimiyyar da jami'a ke buƙata ba. Sauya fanni bayan an fara yana da wuya. Sau da yawa iyaye ko malamin aji ne ke yanke shawarar, wani lokaci ma makin yaron ne kawai ya yanke ta. Sabuwar manhajar da aka fara da 'yan aji ɗaya a shekarar karatu ta 2024/2025 ta yi nufin sassauta wannan, ta yadda ɗalibi zai iya haɗa darussa daga fannoni daban-daban.

Karatu kyauta

A watan Satumban 2017 shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin karatu kyauta. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, da na kwana, da abinci, da littattafai da kayan makaranta, 'yan jeka-ka-dawo kuma ana ba su abinci sau ɗaya a rana. Yaran da a da suke samun gurbi amma su zauna a gida don rashin kuɗi sai suka fito. Yawansu ya fi ƙarfin azuzuwa da ɗakunan kwana, don haka a 2018 aka kawo tsarin karɓa-karɓa a makarantu kusan 400. An raba ɗalibai rukuni biyu, kore da ruwan zinari, idan wannan na aji wancan na hutu. Iyaye sun koka da dogon zaman gida, masu hali kuma suka koma biyan kuɗin darasin hutu, abin da ya dawo da bambancin da shirin ya zo gusarwa. A 2022 shugabannin makarantu sun yi ta ƙorafin ƙarancin kayan abinci.

Rayuwa a makarantar kwana

Sabon ɗalibi yakan iso da akwatin ƙarfe na tufafi, da na katako da ake zuba garin rogo, sukari, madara da shito, wato soyayyen yaji mai busasshen kifi. Da su ake cike gurbin abincin makaranta. Ana raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da malamin da ke kula da shi da shugabannin ɗalibai. Ana tashi da asuba a yi shara da ɗiban ruwa, a yi darasi har la'asar, a koma karatun dare bayan cin abinci. An hana riƙe wayar hannu, kuma a yawancin makarantun gwamnati 'yan mata ma aske kai suke yi. Akwai al'adar babban ɗalibi ya ɗauki ƙarami a matsayin ɗansa na makaranta, ya kare shi, shi kuma ya yi masa hidima. Cin zalin 'yan aji ɗaya tsohuwar matsala ce. Hukumar Ilimi ta haramta bulala a 2017, ta kuma tanadi malaman ba da shawara, sai dai a makarantu da dama aikin yana kan malamin da ke da nasa darussan.

Batun addini ma ya taso. A azumin 2021 makarantar Wesley Girls ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar Ilimi ta ba da umarni a bar mai so ya yi da amincewar iyayensa, majami'ar Methodist kuma ta ƙi karɓar umarnin. A watan Mayun shekarar wata babbar kotu a Accra ta umarci Achimota ta karɓi ɗalibai biyu mabiya Rastafari da ta ƙi ɗauka saboda gashinsu. Ɗaya daga cikinsu ya fita da A1 a dukan darussansa takwas a 2023.

Gasa da bajinta

Gasar da ta fi jan hankali ita ce kacici-kacicin kimiyya da lissafi na ƙasa, NSMQ, da aka fara a 1993. Ana nuna ta a talabijin, tsofaffin ɗalibai kuma suna bin ta kamar wasan ƙwallo. Makarantar maza ta Presec da ke Legon ce ta fi lashe kofin, ta ɗauka karo na takwas a 2023. Har zuwa 2024 makarantun maza ne suka mamaye ta, Achimota ce kaɗai mai maza da mata da ta taɓa cinyewa. A guje-guje da tsalle-tsalle kuwa T.I. Ahmadiyya ta yi suna a yankin Ashanti.

Bayan kammalawa

Jarrabawar fita ita ce WASSCE ta hukumar WAEC, wadda ake bai wa maki daga A1 zuwa F9. Jami'a tana buƙatar aƙalla C6 a darussa shida, uku na dole da uku na fanni. Ana haɗa lambobin makin, kuma ƙarancin jimilla shi ne kyan sakamako: shida ita ce ƙololuwa, mai neman likitanci a Jami'ar Ghana ko ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi kuwa sai ya samu shida ko ɗan abin da ya ɗara. Wasu suna zuwa kwalejojin horar da malamai, waɗanda suka fara ba da digiri na shekara huɗu daga 2018, ko makarantun koyon aikin jinya da unguwar zoma, ko jami'o'in fasaha da aka ɗaga daga matsayin foliteknik tun daga 2016. Wasu kuma aikin soja ko na ɗan sanda suke nema, ko su koyi ɗinki, kanikanci ko aikin lantarki a wurin maigida. Wanda ya faɗi lissafi ko Turanci yakan shiga ajin gyara, ya sake zana jarrabawar 'yan waje da ake kira Nov-Dec a ƙarshen shekara.