Tudun kusheyi: Darasin Durɓi ta Kusheyi ga arewacin Zamfara

A sassa da dama na ƙasar Hausa akwai manyan tulin ƙasa waɗanda ba ruwa ko iska ne suka tara su ba. Mutane ne suka gina su ɗaruruwan shekaru da suka wuce, domin binne shugabanninsu tare da kayayyakinsu.

A garin Dutsi da ke ƙaramar hukumar Zurmi, wanda ake ɗauka a matsayin cibiyar farko ta tsohuwar daular Zamfara, tarihin baka ya ce manyan kaburburan da ke wurin na sarakunan farko ne, waɗanda ake bayyanawa da cewa samudawa ne kuma mafarauta. Wani masani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara labaran wannan daula a littafinsa na tarihin Zamfara da aka buga a 1959.

Sai dai abin da ke cikin irin waɗannan tuddai ba ya bayyana sai an tona, kuma yadda aka yi tonon shi ne ke nuna ko za a ƙaru da shi ko kuwa za a yi asara. Misali mafi kusa yana makwabciyar jihar Katsina.

Tonon farko

Durɓi ta Kusheyi na cikin ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Ana danganta tuddan wurin da Durɓawa, wato zuriyar da ta mulki Katsina kafin zamanin Muhammadu Korau.

A shekarar 1907 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, Richmond Palmer, ya sa aka tona wasu daga cikin tuddan, da amincewar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin ya hau gadon sarauta.

Palmer mutum ne mai sha'awar tarihi, ya kuma tattara rubuce-rubucen Larabci da labaran baka masu yawa, amma ba ƙwararre ba ne a fannin tonon kayan tarihi. An samu tukwane da kayan ƙarfe, to amma bayanin da ya bari game da aikin kaɗan ne, kayayyakin kuma sun salwanta.

Haka lamarin yake a wurare da yawa a wancan zamani. Abin da masu tono suka fi damuwa da shi shi ne kayan da za su fito da su, ba wurin da kayan suke kwance ba.

Tono na biyu

A 1992 aka sake komawa wurin, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya da masana daga Jamus, ciki har da Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth. An tona tuddai uku, kuma a tsakiyar kowannensu an tarar da kabarin mutum ɗaya.

Daga cikin abubuwan da aka samu akwai awarwaron hauren giwa, da kayan ado na zinariya, da sandunan tagulla, da duwatsun ado, da wuri, da kuma wata tasar ƙarfe da masana suka ce daga yankin Gabas ta Tsakiya aka kawo ta.

Daga baya an kai kayayyakin wani gidan tarihi da ke birnin Mainz na Jamus domin gyara da nazari, aka baje kolinsu a 2011, sannan aka maido da su Najeriya.

Binciken ya nuna cewa an yi binne-binnen ne tsakanin wajejen ƙarni na 13 zuwa na 16. Wuri dai daga Tekun Indiya yake fitowa, saboda haka samunsa tare da tasar ya tabbatar da cewa tun a lokacin manyan Katsina na da hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa, ciki har da na Musulmi. A ɗaya ɓangaren kuma, binne mutum da dukiyarsa na nuna cewa tsohuwar al'ada ba ta gushe ba tukuna.

Me ya bambanta su?

Masana na cewa tono tamkar karanta littafi ne da ake yaga kowane shafi bayan an karanta shi. Da zarar an kwashe ƙasar, ba za a iya maido da ita yadda take ba.

Don haka ne mai tono na zamani ke cire ƙasa kaɗan-kaɗan, yana auna zurfin da aka samu kowane abu, yana zana shi, yana ɗaukar hoto. Ko guntun gawayi ko ƙashi ba ya yarwa, domin da su ake gwajin da ke nuna shekarun kabari. Tasar da aka ciro ba tare da wannan bayani ba ta zama kayan ado kawai.

Barazanar da ta rage

Najeriya ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1953, shekara guda bayan buɗe gidan tarihi na Jos, sannan wata doka ta 1979 ta haramta yin tono ko fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba.

Duk da haka masu tonon sata ba su daina ba. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya gumakan yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin kayayyakin Afirka da aka fi wawashewa.

A arewacin Zamfara, daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, matsalar tsaro ta sa zuwa ƙauyuka da kufai ya yi wa masu bincike wuya. Muddin ba a samu damar yin aikin bisa ƙa'ida ba, abin da ya fi shi ne masu sarauta da mazauna yankin su tsare tuddan yadda suke, domin abin da ke binne zai iya jira, amma wanda aka tona da gaggawa ya tafi ke nan.